Gangar Ƙafar Baya

Litinin, 5 ga Mayu, bakwai da rabi na safe

Yau shekara goma sha tara cif da aka rufe sashen gyaran injuna a kwalejin fasaha, aka miƙo mini takardar sallama. Shugaban kwalejin, mutumin da ko sifana bai iya riƙewa ba, ya ce mini, "Malam, duniya ta wuce gyara. Yanzu cirewa ake yi a saka sabo." Shekara ashirin da biyu ina koya wa 'ya'yan mutane auna ƙarfe har kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ɗakin da injunan suke yanzu an ce shagon buga takardu ne. Kowace shekara nakan rubuta wannan rana, don kada wani ya ɗauka na manta.

Litinin, biyar na yamma

Auta ta dawo daga atisaye da ƙafar bayan kekenta a hannu. Ta ce, "Baba, ji wannan." Ta juya ta. Gurnani take yi kamar ana niƙa tsakuwa.

Gangar firiwil ce, wato ɗan bututun da haƙoran giya suke zama a kansa. A cikinsa akwai boris biyu da yake juyawa a kansu, sai ƙananan ƙugiyoyi uku da suke kama ƙafar idan aka taka feda, su sake ta idan aka daina. Na girgiza gangar, tana rawa. Boris ɗin sun mutu.

Ranar Asabar 24 ga wata za a yi tseren zaɓe na 'yan ƙasa da shekara ashirin da uku. Huɗu za a ɗauka cikin babbar ƙungiya. Auta za ta cika ashirin da uku a watan gobe, don haka bana ce ta ƙarshe. Shekara shida tana tashi kafin kowa saboda wannan Asabar ɗin.

Ta ce za ta kai wa Kawunta. Na ce ta ajiye ta a kan bencina.

Talata, 6 ga Mayu, sha ɗaya na safe

Ƙanin matata yana da shagon keke a bayan tashar mota. Daga aji uku ya gudu daga makaranta, yau ga shi da allon suna mai fitila. Na je sayen boris biyu, sai ya karɓe ƙafar daga hannuna ba tare da na ba shi ba.

"Yaya Injiniya, wannan gangar ta gama aiki. A canza ta gaba ɗaya."

"Boris ne suka mutu. Boris za a canza."

"Tun yaushe take rawa? Idan ta daɗe tana rawa, ta cinye mazaunin boris ɗin. Ka saka sabo, ya yi ta yawo a ciki kamar baƙo a gidan da ba kujera."

"Ka auna?"

"Hannuna ya auna."

"Hannunka yana da lambobi ne?"

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce irin wannan gangar ba ta cikin gari, odarta ake yi, kwana goma take ɗauka. Idan ana so ta iso kafin tseren, ranar Talata mai zuwa ce ta ƙarshe. Na ce ya riƙe odarsa. Ya ce, "To, Yaya, ilimi naka ne." Haka yake faɗa kullum, da wannan muryar.

Laraba, 7 ga Mayu, takwas na safe

Uwar Auta ta koma zuba mini shayi rabin kofi. Ban tambaye ta dalili ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, uku na rana

Na kwance gangar. Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan benci, na jera komai kamar yadda nake koya wa ɗalibai: daga hagu zuwa dama, bisa yadda aka fitar da su. Ƙugiyoyin uku lafiyarsu ƙalau, sifirin ɗinsu, 'yar wayar da take ɗaga su, ma haka. Sau biyu sifirin ɗin ya faɗi ƙasa, na yi ta lalube a ƙarƙashin benci. Abu ne ƙarami mai santsin giris, kowa zai iya yar da shi.

Ma'aunina yana cikin aljihun tebur na biyu. Takardar asibiti ma tana ciki. Na ɗaga ta na ɗauki ma'aunin, na mayar da ita yadda take.

Juma'a, 9 ga Mayu, goma na safe

Mazaunin boris ya kamata ya zama milimita ashirin da huɗu daidai. Na auna sau uku.

Na farko: ashirin da huɗu da ɗigo sifili ɗaya.
Na biyu: da ɗigo sifili tara.
Na uku: da ɗigo sha huɗu.

Da ɗalibi ne ya kawo mini amsa uku a kan rami ɗaya, da na ce ya koma ya auna sau goma, ko ya ba wani ya auna masa. Amma ma'aunin ya tsufa, kuma hasken ɗakin ba shi da kyau da safe. Na farkon shi ne na yi a natse. Shi na ɗauka.

Asabar, 10 ga Mayu, shida na yamma

Auta tana atisaye da wata tsohuwar ƙafa mai nauyi da Kawunta ya ara mata. Ta dawo tana haki, ta jingina da ƙofa.

"Baba, wannan ƙafar kamar ina jan buhun siminti. Yaushe tawa za ta warke?"

"Likita yana kan aiki."

"Kawu ya ce wai a yi odar sabuwa a ajiye, ko don gudun tsautsayi."

"Kawunki idan agogonsa ya tsaya, hannun zai canza."

Ta yi dariya. Dariyar uwarta gare ta, ta da. Sai ta ce, "Ni dai abin da ka ce shi ne." Ta tafi wanka.

Tana da shekara takwas na haɗa mata kekenta na farko daga ɓaraguzan kekuna uku. Ita take miƙo mini sifana, ta san lambobinsu kafin ta san karatun agogo. Sauran 'ya'yana ba wanda ya taɓa leƙa ɗakin nan. Ita kaɗai ce a gidan nan har yau take cewa "babana injiniya ne" ba da wasa ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, azahar

Hannuna lafiya lau. Na sa zare a allura a gwaji na huɗu.

Litinin, 12 ga Mayu, huɗu na yamma

Kawu ya zo gida da kansa, wai ya zo gaida yayarsa. Daga falo ya zarce ɗakin aikina. Ya ɗauki gangar, ya ɗauki tsohon boris, ya sake shi a bakin ramin. Ya faɗa ciki har ƙasa, ƙwal, ba wanda ya taɓa shi.

Ya dube ni.

Na ce, "Tsoho ne. Ya cinye."

"Ta waje, Yaya?"

Boris ba ya cinyewa ta waje. Ni na koya wa mutane wannan. Shi a ina ya koya?

Ya sassauta murya ya ce, "Bari in yi odar gobe. Ba sai Auta ta sani ba. Idan ta iso in kawo maka, kai ka ɗaura da hannunka, a ce kai ka gyara."

Wato sadaka zai ba ni. A cikin ɗakina, a gaban bencina. Na ce idan ya yi odar nan, kada ya sake taka mini gida. Yayarsa tana tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Ta ce, "Malam, ba fa maganarka ake yi ba, maganar yarinya ce." Na ce na ji.

Talata, 13 ga Mayu, bakwai na safe

Yau ce ranar ƙarshe ta oda.

Talata, biyu na rana

Na ɗauki waya sau biyu. Lambarsa tana nan a sama.

Talata, shida da kwata

Ya rufe shago.

Laraba, 14 ga Mayu, tara na safe

Sabon boris na ciki ya shiga da matsi, yadda ake so. Na waje ya shiga da babban yatsa kawai.

A allon ajina na kan rubuta da manyan baƙaƙe: boris ɗin da yatsa ya shigar, yatsa zai fitar. Ɗalibai sukan maimaita suna dariya. Wasunsu yanzu manyan mutane ne, sukan wuce ni a mota.

Akwai dabara. Tsoffin makanikai suna yi, ni ma na yi ba sau ɗaya ba. Ka ɗauki ƙusar huda ƙarfe, ka bubbuga ƙananan ɗigogi a kewayen ramin daga ciki. Ƙarfen ya ɗan tashi a gefen kowane ɗigo, ramin ya tsuke, boris ya kama. Ɗigo shida, tazara ɗaya, bugu ɗaya kowanne. Aikin minti biyar ne ga mai hannu.

Zan yi gobe da safe bayan na sha maganin. Lokacin ya fi.

Alhamis, 15 ga Mayu, goma da rabi na safe

Ɗigo biyar sun yi daidai.

Alhamis, sha biyu na rana

Na shida, ƙusar ta zame lokacin da guduma take sauka. Ta sauka can ciki, kusa da gurbin da ƙugiya ɗaya take zama. Wurin ƙarfen siriri ne.

Na kai gangar bakin taga. Akwai wani ɗan layi a gefen gurbin, kamar gashi. Na hura. Na goge da ƙyalle. Yana nan, ko kuma ba ya nan, ya danganta da yadda na karkata ta. Idanuna ba na da ba ne. Yana iya zama tsohon karce.

Na shafa giris. Ba a ganin komai.

Boris ya kama gam. Na haɗa komai. Ƙafar tana juyawa shiru, sai 'yar ƙarar ƙugiyoyi, kis-kis-kis, kamar sabuwa.

Juma'a, 16 ga Mayu, shida na yamma

Auta ta fita da ita, ta dawo ta yar da hular kwano a kan kujera.

"Baba! Kamar a kan man shanu nake tafiya. Na gaya wa sauran, ku je ku yi ta oda, ni babana ya taɓa kawai ta miƙe."

Ta kama hannuna biyu ta girgiza. Na janye na dama na sa a aljihu.

Uwarta ta cika mini kofi yau. Na sha rabi, rabi ya tafi kan wando.

Asabar, 17 ga Mayu, rana

Tsohon karce ne.

Litinin, 19 ga Mayu, takwas na safe

Na zana gurbin a takarda, na yi lissafin ƙarfin da ƙafar mutum take sa masa a kan tudu. Ƙugiya uku ne suke raba nauyin. Idan karce ne, ba komai. Idan ba karce ba ne, gurbin ya ɓalle, biyu za su iya ɗauka na ɗan lokaci, muddin ɓallin bai shiga tsakaninsu ba. Na yi lissafin sau uku, amsa ɗaya. Kaina bai taɓa rawa ba. Wannan ne abin takaicin.

Laraba, 21 ga Mayu, biyar da rabi na yamma

Auta ta ce a kan tudun bayan ma'aikatar ruwa, da ta miƙe tsaye a kan feda, ta ji "ƙas" sau ɗaya, fedar ta ɗan zille, sannan ta kama.

"Sau nawa?"

"Ɗaya tak. Matsala ce, Baba?"

Tana share wuya da tawul, tana dubana kamar yadda ake duban likita.

Na ce giris ne ya yi yawa, ƙugiya ta makara. Zai daidaita.

"Na sani ai," in ji ta.

Yana iya zama giris. Giris yana yin haka.

Alhamis, 22 ga Mayu, sha ɗaya na safe

Na bi ta gaban shagon Kawu, ba don komai ba, hanya ce. Ya hango ni ya fito yana goge hannu.

"Yaya Injiniya, an ce aiki ya yi kyau. Na janye maganata."

Na ce to.

"Tsohuwar ƙafar nan tana nan fa, na wanke ta na sa mata mai. Mummuna ce, amma ba ta taɓa ba kowa kunya ba. Ko a ɗora a motar rakiya?"

Motar rakiya ba ta bin 'yan tseren zaɓe, ya sani. Ƙafar da ka fara da ita, da ita za ka gama. Abin da yake nufi daban, ni ma na gane: ta yi tseren da ita. Na ce masa nauyinta zai ci mata minti guda a kan tudu. Gaskiya ne kuma. Ya ce, "To, Yaya, ilimi naka ne." Wannan karon ba da waccan muryar ba.

Juma'a, 23 ga Mayu, bakwai na safe

Yau zan gaya mata. Minti guda ba komai ba ne, mai horar da su ya ce tana cikin uku na farko ko da ciwon kai.

Juma'a, la'asar

Na same ta a tsakar gida tana manna lambar tsere a rigarta. Na ce, "Auta." Ta ce, "Na'am, Baba," da fil a bakinta.

Idan na ce mata ta canza ƙafa, za ta ce don me. Idan na ce akwai tsaga, za ta ce yaya aka yi. Idan na ce ƙusa ta zame, za ta dubi hannuna. Kuma akwai Talatar da ta wuce, da wayar da ban buga ba.

Ta cire fil ɗin ta ce, "Ka san me mai horarwa ya ce? Wai duk 'yan matan makaniki gare su, ni kaɗai ce mai injiniya."

Na ce ta tabbata ta duba iskar taya da safe.

Asabar, 24 ga Mayu, shida na safe

Sun tafi da Kawunta a mota. Na ce gwiwa tana damuna.

Asabar, tara

An fara yanzu.

Asabar, sha ɗaya saura

Na share benci. Na jera sifanu bisa lamba. Na sake jera su.

Asabar, sha biyu da rabi

Wayar uwarta ta yi ƙara a kicin. Ta daɗe tana saurare. Abin da na ji kawai shi ne, "Amma ba ta ji ciwo ba? Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi."

Ba ta shigo ta gaya mini ba. Na ji tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Lahadi, 25 ga Mayu, yamma

Daga bakin uwarta na ji, a guntu-guntu. Auta ce ta biyu a gindin tudun ƙarshe. Ta miƙe tsaye ta taka, fedar ta juya a banza, gaba da baya duk ɗaya. Ba ta faɗi ba. Ta sauka, ta kama keken ta hau tudun da gudu, da takalman tsere masu ƙarfe a ƙasa. Mutanen bakin hanya suna tafa mata. Daga sama ta hau ta gangaro ba feda har layin ƙarewa.

Ba ta fito daga ɗaki ba yau. An kai mata abinci an dawo da shi.

Talata, 27 ga Mayu, goma na safe

Kawu ya zo. Bai zauna ba. Ya ajiye wani abu a ƙunshe cikin tsumma a kan bencina. Gangar ce, ya wanke ta da fetur tas. Gurbin ya ɓalle, ɓallin ya shiga ya danne sauran ƙugiyoyin biyu. Tsagar ta taso daidai daga ɗigo na shida. Ko makaho zai gani.

Ya ce, "Na gaya mata ƙarfe ne ya gaji. Yana faruwa."

Na ce ban roƙe shi ba.

"Ba don kai na yi ba, Yaya."

Laraba, 28 ga Mayu, biyar na yamma

Ta shigo ɗakin aiki tana neman famfon iska. Tsumman yana kan benci, ban ɓoye ba. Ban san dalili ba. Ta buɗe. Ta kai bakin taga, ta karkata shi a haske kamar yadda na koya mata. Na ga leɓenta yana motsi, tana ƙirga ɗigogin. Biyar a jere, ɗaya a bare.

Sannan ta ce, "Ranar da na ce maka ta yi ƙas, ka sani?"

Na ce ban tabbata ba.

"Amma ka gani."

Na ce na ga wani abu.

Na jira ta yi ihu. Uwarta ma tana jira, na ji ta tsaya a bayan ƙofa. Sai Auta ta dubi hannuna na dama, yana kan benci yana abin da yake yi. Ban sa shi a aljihu ba.

"Tun yaushe, Baba?"

"Shekara guda da wani abu."

"Da ka faɗa, ai da ni na riƙe maka ƙusar."

Ta naɗe tsumman ta ajiye a inda ta same shi. Ta ɗauki famfon ta fita.

Asabar, 31 ga Mayu, bakwai na safe

Tana gaishe ni kullum. "Ina kwana, Baba. Ka sha magani?" Jiya ita ta ciro takardar asibitin daga aljihun tebur, ta kira su, an ba ni ranar Alhamis. Ta ce za ta raka ni. Tana yi mini magana a hankali, kamar yadda ake yi wa marar lafiya.

Keken yana shagon Kawunta. An yi odar sabuwar ganga, kwana goma. Ƙugiyar bangon da take rataye shi a ɗakin nan shekara shida ba komai a kanta.

Huɗu aka ɗauka. Auta ta zo ta goma sha ɗaya. Ranar sha biyu ga watan gobe za ta cika ashirin da uku.